Allon tarihin hanya, mota da tsere: littafin aiki

4 ga Janairu, 2025

An yanka katakon gida biyar, kowane yanki mita ɗaya, don a iya ɗauka a haɗa a duk inda za a kafa shi. Abin da za a gina hanya ce guda ɗaya mai tsawon mita biyar, wadda fuskarta ke sauyawa daga hagu zuwa dama, tun daga shimfiɗar dutse ta Rumawa har zuwa tagwayen hanyoyin zamani. A samanta za a jera ƙananan motocin kwaikwayo. Ta gaba kuma, bayan gilashi, za a ga cikin hanyar hawa-hawa. Masu koyon kanikanci ne za su fi tsayawa a gabansa, kuma su gani ya fi musu ji.

Sharaɗi ɗaya na kafa wa aikin: ba za a ɗora mota a kan hanyar da ba ta taka da gaske ba. Sharaɗin ya yi kama da ƙaramin abu, amma tun a kan takarda ya nuna abin da allon zai faɗa. Kusan kowace mota mai muhimmanci a tarihi, a kan hanyar da aka gina wa wani abu daban ta fara gudu.

Akwai batun ma'auni. Motocin da ake samu an ƙera su ne a kashi 1 cikin 43 na girman asali. A wannan ma'aunin, dutsen inci biyu zai koma milimita ɗaya da 'yan kai, kaurin hanya mai inci goma kuma bai wuce milimita shida ba. Ba wanda zai ga komai. Don haka fuskar hanya za ta bi ma'aunin motoci, yankan ciki kuma a yi shi a kashi 1 cikin 10.

11 ga Janairu

Sashen Rumawa ya kammala, kuma rabin mita kawai na ba shi. Via Appia ce, wadda Appius Claudius ya fara a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa, daga Roma zuwa Capua, daga baya aka kai ta Brindisi. Na sassaƙa faffaɗan duwatsun da yumɓu, na sa keken shanu a kai. Mutane na son hanyoyin Rumawa, amma a wannan labarin gadon da suka bari kaɗan ne: doron hanya a ɗage, lambatu a kowane gefe. Sauran aikin na daula ne mai sojoji da bayi, ba wanda ya iya maimaita shi.

25 ga Janairu

Tankaɗe yashi da tsakuwa da rariya iri-iri shi ne aikin wannan lokacin, domin sassa uku na gaba ba su da wani bambanci a ido sai girman dutse da yadda aka jera shi.

Na farko na Trésaguet ne, injiniyan Faransa da ya fara aikinsa a yankin Limoges a 1764, ya rubuta tsarinsa a 1775. Ana haƙa gurbi, a jera manyan duwatsu a tsaye bisa gefensu, a bi da matsakaita, a rufe da ƙanana. Na biyu na Thomas Telford ne, ɗan Sikotilan, wanda tun farko magini ne mai sassaƙa dutse, kuma hakan ya fito a hanyarsa. Tushensa manyan duwatsu ne da ake jerawa da hannu ɗaya bayan ɗaya, a cusa ƙanana a tsakaninsu da guduma. Da wannan ya gyara hanyar Landan zuwa Holyhead, wadda ta haɗa da gadar Menai ta 1826. Hanya ce mai ƙarko, mai cin kuɗi da lokaci. Ko a kan allo, jera nasa da hantsaki ya fi na kowa gajiyarwa.

Sai John Loudon McAdam, wanda aka ba kula da hanyoyin Bristol a 1816. Shi cewa ya yi duk wannan tushen ɓata dukiya ne. Ƙasar da ke ƙarƙashi ita ke ɗaukar nauyi, muddin ta kasance a bushe. Aikin hanya kawai ta zama rufin da zai hana ruwa isa gare ta. Sai ya ce a ɗaga hanyar sama da ƙasar da ke gefe, a ɗan yi mata doro, a zuba fasasshen dutse mai kaifi kaurin inci goma, kuma kada dutse ɗaya ya wuce nauyin oza shida ko ya kasa ratsa zobe mai faɗin inci biyu. Tsakuwar rafi mai santsi ba ta yi, domin ba ta cizon juna. Masu duba aikinsa har ma'auni suke yawo da shi.

A ganina McAdam ya fi Telford fahimtar abin da hanya take, ko da yake Telford ya fi shi zama injiniya. Inda ƙasa take da laushi ko fadama, Telford ne mai gaskiya. Amma duniya McAdam ta bi, saboda tsarinsa kowane ƙauye zai iya biya.

Zan ƙara ɗan kati don John Metcalf na Knaresborough, wanda ciwon agana ya makantar tun yana ɗan shekara shida, amma ya gina hanya kusan mil 180 a arewacin Ingila kafin Telford da McAdam su yi suna. A fadama yakan shimfiɗa damman ciyawar daji a ƙasa kafin ya zuba dutse.

8 ga Fabrairu

Gam na katako da aka tsarma da ruwa, ana ɗiga shi a hankali, ya riƙe tsakuwar ba tare da ya sa ta ƙyalli ba. An wuce wannan.

Wajen rubuta katin bayanin McAdam na tsaya a kan tambayar da ɗalibi zai yi: in babu siminti babu kwalta, me ke riƙe dutsen? Amsar ita ce ƙafar keken doki. An naɗe ta da ƙarfe, kuma jan ta ake yi, birgima kawai take. Tana tafe tana niƙa bakin duwatsun, garin yana faɗawa tsakaninsu, ruwan sama ya jiƙa shi, ya bushe ya ƙame. Wato zirga-zirgar ce da kanta take ƙarasa ginin. Wannan katin sai ya fito da kyau, domin rabin abin da zai biyo baya a kansa ya rataya.

Motar tururin Cugnot ta 1769 ta samu wuri a gefen sashen Trésaguet, ba a kan hanyar ba. An ƙera ta ne don jan igwa, tukunyarta na rataye a gaban ƙafa guda, kuma ba ta yi wata tafiyar kirki ba. Ta biyun da ya ƙera tana gidan tarihin sana'o'i na Paris har yau. A sashen McAdam kuma na sa ɗan mutum da jan tuta. Dokar Ingila ta 1865 ta ƙayyade wa motocin tururi mil 4 a awa a karkara, mil 2 a gari, da mutum yana tafe a gaba. Sai 1896 aka sassauta ta, aka yi murna da tafiyar Landan zuwa Brighton a watan Nuwamba. Ana yawan yi wa dokar dariya. Ni ban cika yi ba, domin injunan da aka yi ta dominsu manya ne masu nauyi da ke farfasa hanyar da talakawan gari ke biyan gyaranta.

22 ga Fabrairu

Motar Benz mai ƙafa uku ta hau allo. Takardar mallakar ƙirarta ta fita ne da ranar 29 ga Janairu, 1886. Injinta silinda ɗaya, ƙarfinsa bai kai na doki guda ba. Na ɗora mata mutum uku maimakon Carl Benz, domin tafiyar da ta cancanci allo ta matarsa ce, da samfuri na uku na motar. A watan Agusta 1888 Bertha Benz ta ɗauki 'ya'yanta biyu, Eugen da Richard, ba tare da ta gaya wa mijin ba, suka bar Mannheim suka nufi Pforzheim, kimanin kilomita 106. Mai ta saya a shagon magani a Wiesloch. Bututun mai ya toshe ta zungure shi da allurar hularta. Katakon birki ya cinye ta sa baduku ya liƙa masa fata. A hawa kuwa sai sauka a tura, abin da ya sa aka ƙara wa motar giya mai ƙarfin hawa.

Duk wannan a kan hanyar doki. Kuma waɗanda suka fara kukan a gyara hanya a wancan zamanin ma ba masu mota ba ne, masu keke ne. Ƙungiyar mahaya keke ta Amurka da aka kafa a 1880 ita ta ja gaban neman hanyoyi masu kyau, kuma tayar iska da Dunlop ya fito da ita a 1888 don keke ya yi ta. Kafintan da muke aikin tare ya dubi zanen ya ce, "Malam, keke kuma a allon mota?" Na sa guda biyu.

8 ga Maris

An shiga tsere, kuma nan ne aikin ya fi daɗi.

Ranar 22 ga Yuli, 1894, jaridar Le Petit Journal ta shirya gwajin Paris zuwa Rouen, kilomita 126, motoci 21. Comte de Dion ne ya fara isa da motar tururi, amma aka hana shi babbar kyauta saboda motarsa sai da mai zuba mata kwal, alhali ana neman mota mai sauƙin tuƙi, marar haɗari, marar tsada. Aka raba kyautar tsakanin Panhard da Peugeot, dukansu da injin Daimler. Shekara guda bayan haka aka yi tsere na sosai, Paris zuwa Bordeaux a dawo, kilomita 1,178. Émile Levassor ya isa inda zai miƙa sitiyari tun kafin lokaci, ya tarar wanda zai karɓe shi yana barci, sai ya wuce abinsa. Ya yi kusan awa 49 yana tuƙi, a kan kilomita 24 a awa. Shi ma bai sami kyautar farko ba, domin motarsa mai kujera biyu ce. A wannan tseren 'yan'uwan Michelin suka shigo da mota mai tayar iska. Ta yi ta faci har lokacin ya ƙure mata, amma ta dawo Paris.

A dubi lissafin: kilomita 24 a awa a 1895. A 1903, a tseren Paris zuwa Madrid, Fernand Gabriel ya kai Bordeaux da motar Mors a kan kusan kilomita 105 a awa. Shekara takwas, gudu ya ninka fiye da sau huɗu, hanya kuwa ita ce dai ta McAdam.

Ga abin da ya faru da ita. Tayar roba mai gudu ba ta niƙa dutse. Tsotso take yi, ta zuƙe garin da ke riƙe duwatsun ta watsa shi sama. Kuma ƙafar mota ba jan ta ake ba, ita ke tura ƙasa baya, don haka tana tone abin da ta sassauta. Hanyar da keken doki ke ƙarfafawa, mota na warware ta. Ƙurar da ake gani a tsofaffin hotuna jikin hanyar ne yake tashi.

A cikin wannan ƙurar aka yi tseren 24 ga Mayu, 1903. Motoci da babura sama da ɗari biyu, ana sakin su ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya kutsa cikin ƙurar na gabansa kafin ya wuce shi, jama'a kuma sun cika tsakiyar hanya suna leƙen mai zuwa. Aƙalla mutum takwas suka mutu, har da Marcel Renault, wanda bai ga tutar gargaɗi ba a wata kwana kusa da Couhé-Vérac. Gwamnatin Faransa ta tsayar da tseren a Bordeaux. Ko tada injin ba a bari an yi ba, dawakai suka ja motocin zuwa tashar jirgin ƙasa. Louis Renault, ɗan'uwan Marcel, bai sake tuƙin tsere ba.

Ƙurar allo da auduga na yi ta, an yage ta siriri an fesa mata fenti ruwan ƙasa, an ɗaure a kan waya. Na sa ta rufe motar baya har sai an sunkuya ake ganinta.

15 ga Maris

Ana jiran motoci biyu da ba su iso ba. A halin yanzu na sassaƙa La Jamais Contente da katako, tunda siffarta mai sauƙi ce, doguwa mai tsini gaba da baya. Da ita Camille Jenatzy, ɗan Beljiyam, ya fara haura kilomita 100 a awa ranar 29 ga Afrilu, 1899, a Achères. Da batir take tafiya. Duk ɗalibin da ya ɗauka motar lantarki sabuwar aba ce zai tsaya a nan.

29 ga Maris

Kwalta. Baƙar samfefa mai laushi, an goge ta da ɗan toka, ta fi fenti kama.

Abin lura, ba don mota ta ji daɗi aka fara zuba kwalta ba, don mutane su sha iska ne. Likita ne ɗan Siwizalan, Ernest Guglielminetti, ya sa aka shafa kwalta a wani ɗan guntun hanya a Monaco a 1902 saboda ƙura na cutar da huhu da ido. A wannan shekarar Edgar Hooley, mai kula da hanyoyin gundumar Nottingham, ya yi rajistar tsarinsa na cakuɗa kwalta da dutse tun kafin a shimfiɗa. Bambancin yana da girma, kuma na nuna shi a yankan ciki: na farko fata ce kawai a sama, na biyu kowane dutse a lulluɓe yake.

Tsere ya gwada na farkon nan take. A gasar Grand Prix ta farko, kusa da Le Mans, 26 da 27 ga Yuni, 1906, an rufe hanyoyin karkara an yi zagaye mai kilomita 103, an shafa musu kwalta. Zafi ya narkar da ita, tayoyi suka riƙa cilla ta a fuskar direbobi, tana shiga ta gefen tabarau tana ƙona ido. Ferenc Szisz ya ci da Renault, kuma abin da ya taimake shi shi ne sabon rim na Michelin da ake kwancewa da tayarsa a hure, a ɗaura wani cikin 'yan mintuna, yayin da wasu ke yanke tsohuwar taya da wuƙa suna fama da famfo.

12 ga Afrilu

Shawara mafi girma tun fara aikin: daga 1907 hanyar za ta rabu biyu. Reshe ɗaya zai karkata baya ya zama filin tsere, babbar hanya ta ci gaba. Wannan ya sa sai an ƙara wa allo na uku da na huɗu faɗi da santimita 15. Kafinta bai ji daɗi ba, amma ya yi.

Reshen zai fara da Brooklands. Dokar Ingila ta 1903 ta tsayar da gudu a mil 20 a awa, tsere a hanyar jama'a kuma haramun ne, don haka masu ƙera mota na ƙasar ba su da inda za su gwada abin da suka ƙera. Hugh Locke King ya gina fili a gonarsa da kuɗinsa: kankare zalla, zagaye kusan kilomita huɗu da rabi, faɗi mita 30, kwanoninsa a jingine har tsayin kusan mita 9. Na zuba nawa da siminti da gam a kan kwali mai lanƙwasa. Ya ɗan tsattsage da ya bushe, na bar shi haka, domin na gaskiyar ma ya zauna ya yi gargada har motoci na tsalle a kai.

Kusa da shi a allon, filin Indianapolis na Amurka. An buɗe ta a 1909 da fasasshen dutse da kwalta, ta farfashe a tseren farko, aka yi asarar rayuka. Kafin shekarar ta ƙare aka shimfiɗe ta da jan bulo miliyan 3.2. A tseren mil 500 na farko a 1911, Ray Harroun ya shiga shi kaɗai a motarsa Marmon, babu makanikin da ke zama a gefe yana duba baya, sai ya kafa madubi. Zanen bulo a kan yumɓu da bakin allura aiki ne na haƙuri. Tafin hannu ɗaya na yi na tsaya.

26 ga Afrilu

Tsakiyar allo laka ce, da gangan. Ƙidayar hanyoyin Amurka ta 1904 ta sami fiye da mil miliyan 2 a karkara, kuma kusan kashi 7 cikin ɗari ne kawai aka zuba wa wani abu. Ford Model T ta 1908 an ƙera ta ne don wannan: cikinta a ɗage kusan inci goma daga ƙasa, ba nauyi, jikinta na murɗawa ya bi rami maimakon ya karye. Ford bai jira hanya ba. Da layin haɗa mota mai tafiya ya fara aiki a Highland Park a 1913, lokacin haɗa gindin mota ya sauko daga awa 12 da rabi zuwa minti 93, kuma zuwa 1927 an ƙera miliyan 15. Masu waɗannan motocin, manoma da 'yan kasuwa masu ƙuri'a, su suka tilasta wa gwamnati hanya.

A bakin lakar na sa guntun kankare na Woodward Avenue a Detroit, mil guda da aka zuba a 1909, da farin layin tsakiya da Edward Hines ya fara sawa a gundumar a 1911. A cikin lakar kuma motar soja ta kafe har gindi. Ayarin sojan Amurka na 1919 ya yi kwana 62 daga Washington zuwa San Francisco, yana karya gadojin katako yana gyarawa. A cikinsa akwai wani matashin hafsa, Eisenhower.

Itala ta Yarima Borghese, wadda ta ci tseren Pekin zuwa Paris a 1907 cikin wata biyu, ta iso. Ba ta da gurbi sai a nan, tunda yawancin tafiyarta ba a kan hanya aka yi ba.

10 ga Mayu

Allo na huɗu ya nuna cewa rabuwar hanya da filin tsere ba ta yi tsabta yadda na zana ba, don haka reshen zai sake taɓa babbar hanya sau ɗaya. AVUS ta Berlin, 1921, miƙaƙƙun layuka biyu ne da ake tsere a kansu, ranar da ba tsere kuma a biya a wuce. Piero Puricelli, wanda ya gina hanyar mota zalla daga Milan zuwa Varese a 1924, yana cikin waɗanda suka gina filin Monza a 1922. Hanyar Cologne zuwa Bonn Konrad Adenauer ne ya buɗe ta a 1932 yana magajin gari, kafin 'yan Nazi su hau mulki su riƙa nuna kamar su suka ƙirƙiro tsarin. Wannan zai shiga kati.

Wurin haɗuwar shi ne hanyar Frankfurt zuwa Darmstadt, 28 ga Janairu, 1938. Da safe Rudolf Caracciola ya yi kilomita 432.7 a awa da Mercedes. Bernd Rosemeyer ya fito da Auto Union don ya karɓe, iska ta buge shi daga gefe, ya mutu. Gudun Caracciola bai sami wanda ya wuce shi a hanyar jama'a ba sai 2017. Wannan ne karo na farko a allon da hanya ta riga motar talaka. Jamusawa kaɗan ne ke da mota a lokacin, kuma a hotunan zamanin hanyar kusan fayau take. Mota biyu kawai zan sa a sashen.

24 ga Mayu

Mun yi ta muhawara kan yadda za a nuna 1955. Kafinta na ganin a tsallake, tunda yara ma za su kalla. Ni ina ganin in aka cire shi allon ya zama talla.

Ranar 11 ga Yuni, a tseren awa 24 na Le Mans, Jaguar ɗin Mike Hawthorn ta taka birki don shiga wurin shan mai. Birkin faifai gare ta, wanda Jaguar ta ci wannan tseren da shi a 1953, kuma yana kamawa fiye da na sauran. Lance Macklin da ke bayansa ya kauce, Mercedes ɗin Pierre Levegh ta hau bayan motarsa ta tashi sama ta tarwatse cikin 'yan kallo. Fiye da mutum 80 suka mutu. Wurin kusan yadda aka tsara shi a 1923 yake, lokacin da motoci ke yin kilomita 100 a awa, alhali yanzu suna haura 270, kuma tudun ƙasa kawai ke tsakanin su da jama'a. Matsalar 1903 ce ta dawo a cikin filin da aka rufe don gudun ta. Mercedes ta bar tsere shekaru da dama, Siwizalan ta haramta tseren zagaye. A 1957 tayar Ferrari ɗin de Portago ta fashe a tseren Mille Miglia, 'yan kallo tara suka mutu, biyar yara, Italiya ta rufe wannan babin.

Matsayar da muka cimma: ba za a nuna haɗarin ba. Za a gina wurin yadda yake kafin abin ya faru, da ƙuncinsa da tudun ƙasar da cunkoson mutane, a gefensa kuma fili na zamani mai shingen ƙarfe, waya da filin tsakuwa. Tsakaninsu ƙaramin sifana a manne da sitiyari, don direban tsere Jackie Stewart. A Spa a 1966 ya maƙale cikin motarsa fetur na zuba a jikinsa, har sai da direbobi biyu suka ari sifana a hannun ɗan kallo suka kwance sitiyarin. Daga nan ya riƙa manna nasa, ya kuma shiga yaƙin neman shinge da likitoci, wasu na kiransa matsoraci.

7 ga Yuni

Allo na biyar yana kan sawu. Dokar manyan hanyoyin Amurka ta 1956, wadda Eisenhower ya sa wa hannu yana shugaban ƙasa, ta tanadi mil 41,000, gwamnatin tarayya na biyan kashi 90. Amma abin da na fi so ɗalibai su gani shi ne gwajin da aka yi a Ottawa ta jihar Illinois daga 1958 zuwa 1960. An gina zagayen hanyoyi masu kauri daban-daban, sojoji suka yi ta kewaya su da manyan motoci ɗauke da kaya, ana auna lalacewa. Sakamakon: in nauyin da ke kan aksil, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafar hagu da ta dama, ya ninka biyu, ɓarnar ba biyu take ninkawa ba, kusan goma sha shida ne. Ke nan ƙaramar mota ba ta cikin lissafin mai gina hanyar zamani. Tirela ake gina wa, sauranmu haya muke. Saboda haka abin hawa na ƙarshe a babbar hanya tirela ce, kuma yankan cikinta ya fi na Telford kauri, da tushen dutse a ƙasa kamar yadda ya so.

Ƙananan abubuwa biyu sun shiga: idon kyanwa na Percy Shaw, 1934, wato ƙwayoyin tsakiyar hanya masu ƙyalli in fitilar mota ta haske su, da ƙwayoyin gilashi na yi su, da Volvo ta 1959 mai bel ɗin Nils Bohlin mai maɗauri uku, wanda kamfanin ya bar wa kowa ya kwaikwaya kyauta. Zaren bel ɗin sai da madubin ƙara girma ake ganinsa, don haka za a rataya madubi a wurin.

Abin da ya rage: gilashin allo na huɗu da na biyar, fitilu, da katunan bayani guda tara da suka yi tsawo, sai an rage kowane zuwa layi biyar. Santimita 30 na ƙarshe har yanzu katako ne tsirara. Motar batir tana da nauyi fiye da takwararta ta fetur, kuma ina son duba yadda hakan ke shafar taya da birki kafin in yanke abin da zai hau wurin. Za a gwada haɗa allunan biyar ranar 21 ga wata, a ga ko mahaɗar na uku da na huɗu ta daidaita bayan ƙarin faɗin.